Waƙar da Ba a Ƙirga Ba: Abin Dubawa Kafin a Zaɓi Manhajar Sauraro

Da wuya a sami wata sana'a a ƙasar Hausa da ba ta da kiɗanta. Manoma suna da gangar noma a wurin gayya, mahauta suna da kalangu, 'yan dambe suna da mawaƙansu, mata kuwa ko a bakin turmi sukan mayar da taɓare kayan kiɗa su yi lugude. Wannan ɗabi'a ba ta mutu ba, wuri kawai ta sauya. Direban a-daidaita-sahu yana tafe da waƙa, tela yana taka keke da waƙa, mai shayi ya rataya sifika a jikin tebur, uwargida tana wanke-wanke wayarta na gefe tana rerawa. Abin da ya yi ta canzawa shi ne hanyar da waƙar ke bi ta iso kunne. An yi zamanin faifan garmaho, aka yi na rediyo da kaset, faifan sidi ya zo ya wuce, memori ya karɓe shi, yanzu kuma ga manhajojin da ke kawo waƙa kai tsaye ta intanet. Kowane sauyi ya ƙara wa mai sauraro sauƙi, amma ba kowanne ne ya ƙara wa mawaƙi komai ba.

Mutane da yawa suna zaɓen manhaja ne ba tare da sun zaɓa ba. Wadda suka tarar a cikin waya ita ce tasu, ko wadda aboki ya ɗora musu, ko wadda sunanta ya fi tashe. A ganina wannan sakaci ne a kan abin da mutum ke ba sa'o'i da dama na rayuwarsa kowace rana. Zaɓin kirki yana farawa ne daga tambayoyi uku: shin waƙoƙin da nake rayuwa da su suna ciki, shin aljihuna zai iya ɗauka, shin kuma sauraron da nake yi yana isa ga wanda ya yi waƙar? Biyun farko kowa yana tunawa da su, domin shi suke taɓawa. Ta ukun ce ake mantawa, alhali ita ce ta fi nauyi ga makomar waƙar Hausa, domin a kasuwar waƙa ta yau, sauraron da ba a ƙirga ba tamkar ba a yi shi ba ne.

Yana da kyau a fara sanin su wane ne a kasuwar. Spotify kamfanin ƙasar Suwidin ne da ya fara aiki a 2008, amma bai iso Najeriya ba sai a watan Fabrairun 2021, lokacin da ya buɗe a ƙasashe sama da 80 a tashi ɗaya, har da Gana da Nijar. Boomplay an ƙaddamar da ita a Najeriya a 2015, kuma tana da alaƙa da kamfanin Transsion na ƙasar Sin mai ƙera wayoyin Tecno da Infinix da itel, shi ya sa mutane da yawa suke tarar da ita a cikin sabuwar waya tun daga kwali. Audiomack an kafa ta a Amurka a 2012, ta yi farin jini a wurin matasan mawaƙa saboda mutum yana iya ɗora waƙarsa da kansa ba tare da ya biya ba. Apple Music ta fito a 2015, ba ta da tsarin kyauta na dindindin, kuma tana aiki har a wayoyin Android. Sai YouTube, wadda ko da yake dandalin bidiyo ce, ita ce babbar taskar waƙar Hausa a intanet, sabuwa da tsohuwa. Babu ɗaya daga cikinsu da ta fi sauran ta kowace fuska, kuma duk wanda ya ce maka akwai, to buƙatarsa yake faɗa maka, ba taka ba.

Gwajin farko mai sauƙi ne, kuma ba ya cin ko kwabo. Mutum ya rubuta waƙoƙi goma da ya fi ji a wata guda, na gaskiya ba na burga ba, sannan ya neme su ɗaya bayan ɗaya a kowace manhaja. Mai jin Hamisu Breaker da Umar M. Shareef da Ali Jita da Ado Gwanja zai sami abin ji a yawancinsu. Mai neman Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo ko Narambaɗa ko Barmani Coge zai ga bambanci nan take, domin mafi yawan abin da ya rage na waɗannan makaɗa a intanet masoya ne suka kwafo daga tsofaffin kaset suka ɗora a YouTube, wani da ƙara mai kyau, wani da gurɓataccen sauti. Haka mai neman bege da ishiriniya, ko waƙoƙin Nijar, ko na fina-finan farkon Kannywood. Akwai kuma matsalar rubutu: manhajojin nan ba a gina su da ƙ da ɗ da ɓ a zuciya ba, kuma sunan mawaƙi ɗaya yana iya zuwa da rubutu uku ko huɗu, a haɗe ko a rabe. Kafin a yanke cewa waƙa ba ta nan, sai an gwada kowace siga. Kamfanoni suna tallata cewa suna da waƙoƙi miliyan ɗari, amma miliyan ɗarin da babu goman da kake so a ciki ba ta amfane ka da komai ba.

Gwaji na biyu lissafi ne, kuma ya ƙara muhimmanci tun da hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Ingancin sauti shi ke ƙayyade datar da waƙa ke sha. A Spotify, matsakaicin sauti yana cin kimanin megabait 43 a awa guda, mafi ingancinsa na gama-gari kuwa yana cin kimanin 144. Ma'ana, tela mai jin waƙa awa biyar a rana zai ƙone fiye da giga 6 a wata a kan matsakaicin sauti, ko fiye da giga 20 a kan babba, alhali ƙaramar sifikar shagonsa ba za ta nuna masa bambancin ba. Bidiyo kuwa ya ninka wannan sau da yawa, don haka mai kunna YouTube ya kife waya a kan tebur yana biyan kuɗin hoton da ba ya kallo. Mafita ita ce saukewa a cikin manhajar: a sauke waƙa sau ɗaya, da datar dare mai rahusa ko a inda akwai intanet na kyauta, a yi ta ji ba tare da an sake biya ba. A nan tsare-tsaren suka sha bamban. Audiomack tana barin mai amfani da tsarin kyauta ya sauke waƙoƙi da dama, Spotify kuwa sai mai biyan kuɗin wata. Ga wanda ke zaune a ƙauyen da sabis ke ɗaukewa, ko direban doguwar tafiya tsakanin Kano da Maiduguri, wannan bambancin kaɗai ya isa ya yanke hukunci.

Yanzu ga tambaya ta uku, wadda sai an fahimci yadda kuɗin ke tafiya za a ga nauyinta. Galibin manhajojin ba sa biyan wani tsayayyen farashi a kan kowane sauraro. Abin da suke yi shi ne su tara kuɗin masu biyan wata da na tallace-tallace na kowace ƙasa a asusu ɗaya, su cire rabonsu, sannan su raba sauran ga masu haƙƙin waƙoƙi gwargwadon yawan sauraron da kowa ya samu. Spotify ya ce kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da yake samu daga waƙa yake mayar wa masu haƙƙi, kuma sai an ji waƙa na daƙiƙa 30 kafin a ƙirga ta. Kamfanin ya kuma ce mawaƙan Najeriya sun samu fiye da naira biliyan 25 daga gare shi a 2023, sannan fiye da biliyan 58 a 2024. Abin lura a nan shi ne rabo ne ake yi, kuma da ƙidaya ake yinsa. Waƙar da mutum dubu ɗari suka ji ta memori ko ta WhatsApp ba ta da ko ɗigo a wannan ƙidaya, ko da kuwa ita ce ta cika kowane gidan biki daga Sakkwato zuwa Yola.

Hasarar ba ta tsaya a kuɗin manhaja ba. Alƙaluman sauraro sun zama shaidar da ake nunawa a ko'ina: kamfanin da zai ɗauki mawaƙi ya yi masa talla yana duba su, mai shirya wasa a ƙasar waje yana duba su, masu ba da lambar yabo suna duba su, su kansu manhajojin da su suke yanke wa za su sa a shafin farko da kuma wace ƙasa ko wane harshe ya cancanci a ware masa ma'aikaci. Harshen da mutane miliyoyi da dama ke magana da shi daga Kumasi har Kartum yana iya bayyana ƙarami a waɗannan alƙaluma, ba don ba a jin waƙarsa ba, sai don ana jin ta a inda babu mai ƙirgawa. Labarin Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga Nijar, yana nuna fuskokin biyu. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya har cikin Sahara ba tare da wani kamfani ba. Amma bai fara cin moriyar wannan farin jini a duniya ba sai da wani ɗan Amurka, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi daga memorin mutane, ya nemo masu su, ya fitar da su a hukumance a 2011. Tura waƙa ya yi masa suna. Sanya sunansa a kan waƙar a inda ake lissafi shi ya mayar da sunan abin dogaro.

Za a ce, kuma da gaskiya, abin da mawaƙi ke samu a kan sauraro ɗaya bai taka kara ya karya ba. Ya ma fi ƙanƙanta a ƙasashenmu, domin kuɗin wata a Najeriya ya yi ƙasa sosai da na Turai, asusun da ake rabawa ke nan ƙarami ne. Ƙari a kan haka, tun 2024 Spotify ba ya biyan komai a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata goma sha biyu ba, tsarin da ya fi taɓa ƙananan mawaƙa. Duk wannan haka yake, kuma ya kamata mawaƙa su ci gaba da neman a gyara. Manhajojin SoundCloud da Deezer sun riga sun gwada wasu hanyoyin rabo na daban. Sai dai kwatancin da ke gaban mai sauraro ba tsakanin kuɗi kaɗan da kuɗi mai yawa ba ne, tsakanin kaɗan ne da babu. Ƙa'idar sauraro 1,000 ma hujja ce a kan akasin abin da ake nufi da ita: ƙaramin mawaƙin da masoyansa ɗari biyu suka koma jin sa a manhaja zai tsallake wannan shinge cikin mako guda. Sannan Bahaushen da ke Ingila ko Jamus ko Saudiyya, wanda sauraronsa ya fi tsada a rabon, ba zai sami waƙar ba in ba a ɗora ta a inda yake nema ba.

Wani zai ce waƙar Hausa ba ta taɓa rayuwa da ciniki ba. Makaɗi da ubangidansa yake rayuwa: sarki ya ba shi doki da riga, attajiri ya ba shi mota, a gidan biki a yi masa liƙi. Wannan ma gaskiya ne, kuma wannan tsari ya haifar da manyan waƙoƙin da har gobe ake ji. Amma yana da farashi, domin wanda ke ciyar da makaɗi shi ke zaɓa masa abin da zai rera. A yau manyan iyayen gidan mawaƙa su ne 'yan siyasa, kuma kowa ya ga yadda basira mai yawa ke ƙarewa a yabon ɗan takara da zambo ga abokin hamayyarsa, waƙar da ke mutuwa ranar da aka rantsar da wani. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya shiga zukata ne saboda da kuntiginsa ya yi wa karen mota da sauran talakawa waƙa, ya taɓo zaman aure da halin rayuwa. Mawaƙin da masu sauraro dubu hamsin ke riƙe da shi, kowa da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya fi wanda mutum ɗaya ke riƙe da shi 'yancin yin irin wannan waƙa. Manhaja ba za ta kashe liƙi ba, kuma babu dalilin da zai sa ta kashe shi. Ƙafa ta biyu take ba mawaƙi ya tsaya a kai.

Akwai kuma batun hali. Mutumin da ke fama da kuɗin masara da na makaranta ba za a ɗora masa kuɗin waƙa na wata-wata ba, kuma wanda ke da ƙaramar waya mai madannai babu manhajar da za ta shiga cikinta. Ba wanda ya isa ya ga laifin irin wannan mutum don ya je wurin masu tura waƙa a bakin kasuwa an cika masa memori, su ma masu turawar abinci suke nema, kuma su ne suka kai waƙar Hausa lungunan da babu kamfanin da ya taɓa takawa. Maganar tana kan wanda ke da babbar waya da data, wanda ke kwana a TikTok da Facebook, amma idan sabuwar waƙa ta fito sai ya nemi a turo masa, ko ya sauke ta daga shafin da ya sato ta. Shi wannan ba talauci ne ya hana shi ba, sabo ne. Ba ma sai ya biya kuɗin wata ba: tsarin kyauta mai talla shi ma ana ƙirga shi. Abin da ake nema a wurinsa kawai shi ne ya ji waƙar a shafin mawaƙin na ainihi, ba a shafin wani da ya kwafa ya ɗora da sunansa ba, kuma idan zai tura wa aboki ya tura masa mahaɗin waƙar a maimakon waƙar kanta.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne na mallaka. Waƙar da ke cikin manhaja kamar ɗakin haya take: ranar da ka daina biya, ko mai gida ya sauya shawara, sai ka fita. Abin da ka sauke a cikin manhajar ba ya fita daga cikinta, kuma waƙa tana iya ɓacewa dare ɗaya idan yarjejeniya ta lalace, kamar yadda aka gani a farkon 2024 lokacin da kamfanin Universal ya janye waƙoƙinsa daga TikTok na wasu watanni saboda saɓani kan biya. Don haka ba daidai ba ne al'umma ta miƙa ajiyar tarihinta ga kamfanin da ke wata nahiya. Wanda ke da tsofaffin kaset na Shata, wanda ya rasu a 1999, ko na Ɗanƙwairo, ya riƙe su da kyau, ya mayar da su cikin kwamfuta. Gidajen rediyo irin na Tarayya da ke Kaduna, wanda ya fara aiki tun 1962, da jami'o'inmu, su ne ya kamata su zama taskar wannan gado. Amma ajiya daban, ciniki daban. Magadan tsofaffin makaɗa suna da damar tsaftace waɗannan sautuka su fitar da su a hukumance, kuma dokar haƙƙin mallaka da Najeriya ta sabunta a 2023 ta tanadi hanyar neman a cire aikin da aka ɗora a intanet ba da izini ba. Yin haka zai sa jikan makaɗi ya amfana, matashi kuma ya sami waƙar kakanninsa da sauti mai kyau.

Saura jin daɗin kansa, wanda shi ne asalin maganar. Manhajojin nan suna lura da abin da kake ji su kawo maka irinsa, kuma idan ka sakar musu ragama za su yi ta zagaya da kai a wuri ɗaya har kunnenka ya ƙuntata. Maganin shi ne mutum ya riƙa haɗa jerin waƙoƙinsa da hannunsa, na aiki daban, na tafiya daban, na hutun dare daban, ya kuma riƙa tambayar mutane abin da suke ji, musamman waɗanda suka girme shi. Waƙar Hausa magana ce kafin ta zama kiɗa, cike da habaici da karin magana da tarihi, kuma tana buƙatar wani lokaci a zauna a saurare ta ita kaɗai, ba a bar ta tana ƙara a bayan hira ba. Kunnen ma yana da haƙƙi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraro da ƙara mai yawa, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Maƙwabci ma yana da nasa, balle lokacin salla ko inda ake jinya. Wanda kuma ya zaɓi nisantar kiɗa saboda fahimtarsa ta addini, ma'aunan nan uku suna yi masa aiki a kan karatun Alƙur'ani da wa'azi da rubutacciyar waƙa, domin su ma akwai masu su.

Abin da ya rage wa mai karatu ba shi da wuya. Ya gwada waƙoƙinsa goma a manhaja biyu ko uku, ya rage ingancin sauti zuwa abin da sifikarsa ke iya fitarwa, ya sauke abin da yake maimaitawa, ya tabbatar shafin da yake ji na mawaƙin ne. Mai yiwuwa ya ƙare da manhaja biyu, ɗaya don sababbi, ɗaya don tsofaffi, kuma babu aibi a haka. Mawaƙa su ma da nasu aikin: su ɗora waƙoƙinsu da kansu ko ta hannun amintaccen dillali, su tsayar da rubutun suna guda, su rubuta sunan wanda ya tsara waƙa da wanda ya buga kiɗa da 'yan amshi, domin rabo ya kai ga kowa. Masu sauraron waƙar Hausa suna da yawan da zai sa kowane kamfani ya waiwayo, kuma ba sai sun ƙara ko minti ɗaya a kan sauraron da suke yi ba. Wurin sauraron kawai za su sauya.